Birkin Gaba a Hannun Hagu

Keken nan da ke rataye a ɗakin ajiya, wanda kowace Sallah sai ɗayanku ya ce a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, shi ne dalilin wannan babi. Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku, don jikokina ba su iya riƙe magana ba. Kuna cewa Dada ce ta ɗora Baba a kan keke da hannu ɗaya, Dada ce kuma ta sa aka mayar masa da birkin da kowa ke cirewa. Duka biyun gaskiya ne, ban zo in musa ba. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi aka kai ga haka, domin a lokacin kowannenku yana can inda aiki ko aure ya kai shi, labari ta waya kuke samu, shi ma rabi-rabi. To ku karanta har ƙarshe, kada wani ya tsallake shafi.

Shekarar da hawan jini ya buge mahaifinku, bai daɗe da barin aikin ma'aikatar gona ba. Duk tsawon aikinsa gonakin mutane ya yi ta zagawa, yana ɗokin ranar da zai zauna da tasa, wadda ke can bayan Kona, ƙetaren rafi. Bai more ta ba ciwon ya zo. Allah ya taƙaita, ya tashi, bakinsa ya dawo daidai, amma hannun dama ya ƙi dawowa duka. Yana ɗaukar cokali, yana jan carbi, sai dai in ka ba shi lemun tsami ka ce ya matse, sai ya yi ta kallonsa. Ƙafar dama kuma tana ɗan ja, ba sosai ba, sai wanda ya san tafiyarsa ta dā zai lura. Yayanku ya zo daga Yola ya ɗora mashin ɗinsa a bayan mota ya tafi da shi, ni kuma na goyi bayansa, don hannun da zai murɗa mai shi ne ya mutu. Malam, mahaifin naku, ya tsaya a ƙofar zaure har motar ta sha kwana, sannan ya koma ya zauna a tabarma.

Zaman nan ne ya fi ciwon ba ni tsoro. Ku kuna kira kuna tambaya ko ya sha magani, ina ce muku ya sha, kuna cewa alhamdu lillahi. Ba wanda ya tambaye ni ko ya yi magana ranar. Mutumin da bai taɓa cin miyata bai ce gishiri ya yi yawa ba, ko da kuwa na manta ban sa ba, sai ga shi yana cin abinci shiru kamar baƙo. Rediyo ya daina kunnawa. In ya fito tsakar gida sama kawai yake kallo, wajen duwatsu, inda hadari ke fara haɗuwa. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, shi kuwa ya ce bai ga dalilin da zai sa dattijo ya yi ta zagaya unguwa ba inda za shi. Masu keke mai ƙafa uku suna kai mutum cikin Kona, amma daga nan hanyar gonar ta ƙafa ce, in ruwa ya sauka ko roƙonsu ka yi ba sa shiga. Ni na ga mazan da suka warke daga irin wannan ciwo zama ya ƙarasa su, kuma ina ganin alamar a fuskarsa kullum.

Wata safiya, rani ya kusa ƙarewa, na neme shi ban gan shi a zaure ba. Na same shi a ɗakin ajiya tsugune gaban tsohon kekensa na samartaka, baƙin nan mai birkin sandar ƙarfe, wanda tsatsa ta gama cinyewa. Yana juya feda da hannun hagu.

"Asabe," ya ce, bai waiwayo ba, "ƙafata tana iya taka wannan."

Na ce, "Takawa daban, tsayawa daban, Malam. Ka manta wannan keken in ruwa ya taɓa shi ba ya jin birki? Da shi ka shiga garken shanun mutane shekarar da aka haifi Maryam."

Ya yi dariya. Rabona da jin dariyarsa tun kafin asibiti. A lokacin na gane an gama magana, abin da ya rage kawai shi ne wane keke.

Na aika aka kira mini Kawunku Sule, ƙanena, wanda kun san sana'arsa ke nan, sayar da kekunan gwanjo da gyaransu a bakin kasuwa. Washegari ya turo wani abu da ban taɓa ganin irinsa ba. Kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayarsa siririya mai ƙuraje, ba kariyar ɗaukar kaya, ba kwando, ba ko ƙararrawa. Ga rashin nauyi, da hannu ɗaya na ɗaga shi.

"Adda, wannan ba keken gari ba ne," in ji Sule. "Can inda ya fito, tsere ake yi da shi cikin taɓo. Na gani a waya. Manyan mutane da gemu, su shiga laka da gangan, in ya ƙi tafiya su saɓa shi a kafaɗa su yi ta gudu."

Na ce, "Ashe su ma suna da marasa aikin yi."

"Wallahi suna da su. Amma hanyar gonar Malam, ba abin da ya kai shi. Kuma na riga na gyara masa, na cire birkin gaba."

Na ce madalla, har da sa masa albarka. Ku ma da kuna wurin abin da za ku ce ke nan. A garin nan duk keken da aka saya wa yaro ko tsoho, abu na farko da mai gyara zai yi shi ne ya kwance wayar birkin gaba, don kowa ya san shi ne ke wuntsila mutum ta saman kai. Haka aka yi wa keken gidan nan mai kwando da kuka yi ta zuwa makaranta da shi. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili, kamar yadda ba a tambayar me ya sa ake wanke sabuwar tukunya. Sule ya hau ya zagaya layi, ya ja birki ya tsaya cak a gabanmu. Abin da ni da shi ba mu lura ba, shi da hannu biyu ya gwada. Tsohon keken Malam birkin baya a hagu yake. Wannan baƙon kuwa an juya shi: hagu ne gaba, dama ne baya. Wato Sule, cikin tausayi, ya kashe birkin da ke ƙarƙashin lafiyayyen hannu, ya bar masa wanda ke ƙarƙashin matacce.

Malam ya hau da la'asar, a layinmu, inda ƙasa ta ɗan gangara zuwa masallaci. Ina tsaye a ƙofa ina kallon bayansa. Ya tafi lafiya lau, har yana miƙe wuya. Sai na ga kafaɗarsa ta hagu tana motsi, yana matsa abin da ba komai a jikinsa, keken kuma yana ƙara gudu. Allah ya sa maƙwabcinmu yana gini, a tulin yashinsa ya ƙare. Goshi ya ɗan fashe, gwiwa ta ƙuje. Da muka ɗaga shi bai dubi jinin ba, hannunsa na dama ya ɗaga yana kallo, irin kallon da ake yi wa ɗan da ya kunyata ka a gaban mutane.

Kafin magariba labari ya kai Yola, ban san wanda ya kai shi ba har yau, ko da yake ina da wadda nake zargi. Yayanku ya iso washegari da hantsi, ko ruwa bai sha ba.

"Dada, me ke nan? Na ɗauke mashin, ku kuma kun kawo keke? So ake sai an kira ni an ce ya karye?"

Na ce, "Ka ga yadda yake zaune kuwa?"

"Gara ya zauna da rai. In gona ce, a sa 'yan ƙwadago, ni zan ɗauki nauyi."

Malam yana jin mu daga ɗaki. Bai fito ba. Yayanku ya sa aka ɗaure keken da sarƙa a jikin turken rumfa, ya koma. Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Tsoron da ke cikinsa shi ne a cikina, sai dai shi abu ɗaya yake tsoro, ni biyu.

Kwanakin da suka biyo baya Malam ya daina fitowa ko zaure. Sai na ce wa kaina, tunda birki ne ya kayar da shi, bari in san mene ne birki. Ni da na koyar da 'yan firamare lissafi da tsafta tsawon rayuwata, ban taɓa sunkuyawa na kalli ƙasan keke ba. Na sa Sule ya yanke sarƙar, na fito da keken gida mai kwando, na jera su a tsakar gida. Na naɗe hannuna na dama cikin zane na ɗaure a ƙugu, don kada ya taimaka mini ban sani ba. Sule yana ta dariya, na ce ya rufe mini baki ya mayar da wayoyin birkin gaba da aka kwance a duka biyun.

Ga abin da na gani, kuma ina so ku fahimce shi, don a kansa komai ya rataya. Duka biyun roba ce ke matse gefen wili, amma yadda ake matsewar ya bambanta. Na keken taɓo kunnuwa ne gajeru guda biyu da suka buɗe gefe da gefe, waya ta haɗa su can sama da taya kamar jinkar ɗaki. Tsakanin wayar da taya akwai fili, hannuna yana shiga. Laka za ta wuce abinta ba ta maƙale ba. Amma fa yana son ƙarfi. Na matsa da hagu iya ƙarfina, na tura keken, sai ya ci gaba da tafiya a hankali yana gurnani. Na keken gida kuwa dogayen sanduna ne biyu a tsaye, waya ta gitta ta kansu dab da taya. Da yatsu biyu na taɓa shi wilin ya ƙame. Sai dai robobinsa kusan manne suke da wili, ko ɗan yatsana bai shiga tsakani ba.

"Shi ke nan matsalar, Adda," in ji Sule. "Wannan mai ƙarfi ne, amma laka ɗaya za ta toshe shi, taya ta ƙi juyawa. Wancan ba ya toshewa, amma sai mai damtse. Akwai wani kuma mai kamar awartaki, irin na kekunan kwalta, shi kam kada ma ki tambaya, ko ganyen mangwaro ya shiga sai ya tsaya."

Wato mai sauƙin matsawa na rani ne, lokacin da ba abin da zai kai Malam gona. Mai jure damina kuma yana neman hannun da ba shi da shi. Ranar ko tuwo ban iya tuƙawa da kyau ba.

Sule ya kawo shawarar da kowa zai kawo. Ya ce a ɗauko miƙaƙƙen kan keken gida a sa wa keken taɓo, a ɗauko mai dogayen sandunan a ɗaura a baya, a kai wayarsa hannun hagu, gaba kuma a bar shi a kwance yadda aka saba. Ya ce mazaunin birkin iri ɗaya ne, zai hau daidai, sai dai kowane birki da irin hannunsa, dole a ɗauko su tare. Maganar ta shiga kunnena. Amma na riga na ga abin da gwaji a layi ya jawo mana, na ce ba zan yarda ba sai na gani a inda zai bi.

Ruwan farko ya sauka a makon. Da ya ɗauke muka ɗauki mai ƙafa uku, aka ɗaure keken a sama, muka tafi Kona. Daga ƙarshen gidaje muka taka. Ban taɓa zuwa gonar nan da damina ba sai ranar. Da na ga gangaren da ke sauka zuwa rafi, sai na tsaya cak. Jar laka ce mai santsi, ruwa ya yi mata rami a tsakiya, a ƙasa kuma duwatsu ne a bakin ruwan. A nan muka haɗu da Audu, mutumin Kona, wanda gonarsa ke jikin ta Malam. Ya ajiye fartanya ya tsaya kallonmu.

Sule ya hau, na ce hannun hagu kaɗai, kuma kada ya sauke ƙafa. Ya gangara. Ya ja birki, tayar baya ta ƙame kamar yadda aka so, amma keken bai tsaya ba. Sai ya riƙa zamewa, gindinsa yana karkata gefe, yana jan laka. Can na ga Sule ya zura ƙafar dama ƙasa yana karta da silifa, da haka ya tsaya, saura kaɗan ya taɓa duwatsun.

Na ce, "Na ce maka ban da ƙafa."

"Adda, kowa da ƙafa yake tsayawa a nan! Haka ake yi."

Audu ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne, Mama. Mu duka nan, birki tana rage gudu, ƙafa ne yana tsayawa."

A wurin na gane abin da ya sa cire birkin gaba bai taɓa kashe kowa a garin nan ba. Kowa yana da birki na biyu a ƙafarsa. Shi ya sa silifan 'yan makaranta ke cinyewa ta gefe ɗaya, na yi ta yi muku faɗa a kai ban san dalili ba. Malam kuwa ƙafar da zai zura ita ce mai ja. In ya dogara da ita a wannan santsi, lanƙwashewa za ta yi.

Na ce wa Sule ya kwance ya mayar da mai dogayen sandunan gaba. Ya dube ni kamar na ce ya zuba wa jariri barkono. Na ce ai ya ce ya ga masu tseren taɓo a waya, su an cire musu na gaba? Ya ce bai lura ba. Ya fito da wayar muka duba a tsaye a wurin. Kowane ɗayansu da birkinsa biyu, kuma in za su gangara sai su ja jiki baya har su kusa sauka daga sirdi. Sule ya zauna a kan dutse da sifana yana gunaguni, ya juya birkin. Karon farko ya fizga da ƙarfi, tayar baya ta ɗaga sama, ya dira da ƙafa biyu yana salati. Karo na biyu ya ja jiki baya, ya matsa a hankali tun daga sama. Keken ya sauko kamar tsohuwa tana sauka daga mota, ya tsaya a tsakiyar gangaren, ƙafafunsa duka a kan feda. Birkin ya yi wata ƙara mai tsini, har tsuntsaye suka tashi.

"Ya tsaya," in ji Sule. "Amma Adda, kin ga na farkon. In ya firgita ya fizga, ta kai zai sauka. Ni ba ruwana."

Na ce na gani.

Haka aka haɗa shi: miƙaƙƙen kai, mai ƙarfi a gaba ƙarƙashin hannun hagu, mai kunnuwa a baya ƙarƙashin hannun dama, ya taimaka da abin da ya samu. Saboda laka kuma na ciro ƙarfen tsohuwar lema na ɗaure masa da igiya a jikin keken, in gaban ya toshe ya sauka ya tsokale. Na shiga ɗaki na faɗa wa Malam komai, har ɗagawar tayar Sule, ban rage ba. Na ce masa ban san ko daidai na yi ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu, yana buɗewa yana rufewa.

"Useko, Asabe," ya ce. Da Fulatanci yake godiya in abu ya kai masa zuciya, kuma a zamanmu ban ji ta da yawa ba.

Ni na kira Yayanku da kaina, don kada a riga ni. Ya saurara har na gama.

"Birkin gaba, Dada? Wanda ko yaro ba a bar wa?" Sannan ya ce, "To. Duk abin da ya same shi a kan keken nan, ke kika sa."

Na ce na ji, na ɗauka. Bai sake kwana a gidan nan ba sai bayan Babbar Sallah, in ya kira kuma mahaifinsa yake nema. Maganar ba ta yi mini ciwo don ta yi tsauri ba. Ta yi mini ciwo ne don ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Malam ya yi ta koyo a filin makarantar da ke bayanmu, yana jan jiki baya, yana matsawa da yatsu biyu, har hannun ya saba. Sannan ya fara tafiya gona. Ku kun ga abin da ya biyo baya, kun ga ya yi ƙiba, ya dawo da tsokanar gishiri, kun ci sabuwar masara da gyaɗar da Audu ke kawowa. Abin da ba ku gani ba shi ne ni. Daga fitarsa da safe ba ni da sauran natsuwa. In hadari ya haɗu wajen Kona sai in tsaya a tsakar gida da muciya a hannu, ina ganin gangaren nan a idona, ina ganin akuya ta gitta masa, ya fizga. Wayata ba ta barin ƙugun zanena, in ta yi ƙara kuma sai in ji tsoron dubawa. Abinci na ƙone ba adadi. Maryam ta taɓa zuwa hutu ta ce na rame, na ce mata azumin nafila nake yi.

Abu ɗaya ke kwance mini ƙirji, ƙarar birkin nan. Sule ya yi iya yinsa ya kashe ta, ya goge robar, ya karkata ta, ta ƙi. Daga baya na hana shi taɓawa. Bayan la'asar, in Malam ya gangaro layinmu ya zo ƙofa, sai ka ji ta, ƙiiii, har karen maƙwabta ya amsa. Da na ji ta sai in ajiye duk abin da ke hannuna in zuba masa ruwan wanka. Ya shigo da laka har gwiwa, ƙarfen lema a hannu, in ce yaya hanya, ya ce, "Jam tan, lafiya ƙalau, sau ɗaya kawai na tsokale." Sai in yi numfashi, har zuwa wata safiyar. Damina bayan damina haka muka yi, kuma ban taɓa sabawa ba.

Ranar da kuka sani, masara ta riga ta bushe, an kwana biyu ba ruwa, hanya ta yi tauri. Ya karya da kunun gyaɗa, ya ce sukari ya yi yawa, ya fita. Ban san me ya sa ba, ranar hankalina a kwance yake. Na yi wanki, na tsefe kai, har na ɗan yi barci bayan azahar. Bayan la'asar na ji ƙarar a ƙofa, daidai lokacinta. Na tashi na ɗauki bokiti na zuba ruwa, na kai bayan gida, na dawo ina cewa ya shigo mana, me yake jira.

Sai na ji sallama, ba muryarsa ba.

Audu ne a zaure, riƙe da kan keken, ya cire hularsa. Da keken ya yi sauri ya zo, don wayarsa ba caji. Na dubi fuskarsa na san komai. Ya kamata in fara da salati, na sani, kuma na yi daga baya. Amma abin da ya fara fita daga bakina, Allah ya gani, shi ne:

"Faɗuwa ya yi?"

"A'a, Mama," in ji Audu. "Bai faɗi ba. Ya sauka gangare lafiya, ni na gan shi, har ya ɗaga mini hannu. Ya yi aiki, ya yi sallah. Keke tana tsaye jikin ɗorawa, ya sa mata dutse a taya. Shi ya kwanta a inuwa, ya sa hula a fuska. Na zo in tashe shi mu tafi."

A hayaniyar kwanakin makokin nan wani ya ce wa wani a kan keke aka same shi, maganar ta bi ku har garuruwanku, ni kuma ba ni da bakin gyarawa a lokacin. Audu yana nan da ransa a Kona, wanda ke so ya je ya tambaye shi. Keken ma yana nan. Yayanku, kai da ka fi kowa tsoro saboda ka fi kowa sonsa, in ka zo ka sauke shi daga ƙusa ka duba da kyau. Tabo ɗaya za ka samu a jikinsa, na tulin yashi, ranar da ba shi da birkin gaba.